Jinjina Ga Masu Waldar Nima Da Maamobi

Babbar kwatar da ta ratsa tsakanin unguwannin Nima da Maamobi a Accra tana kai ruwanta kogin Odaw, kuma kullum yara 'yan makaranta da mata masu talla suna tsallake ta a kan ƙananan gadoji. In wani ƙarfe ya saki, mai waldar unguwa ake kira. Shi nake yi wa jinjina yau.

Gadojinmu ba na alminiyum zalla ba ne irin gadar Arvida ta Kanada da aka buɗe a 1950. Ƙarfe ne da siminti da katako, wani wurin a yi faci da fallen alminiyum. A nan gwanintar take. Alminiyum yana narkewa a digiri 660, amma ɓawon da ke rufe da shi ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000. Wanda bai kankare ɓawon ba, ya huda aikin ke nan. Gwani kuma ya san in alminiyum ya manne da baƙin ƙarfe a wuri mai laima, ga iskar teku mai gishiri, alminiyum ɗin ne zai ciwu, don haka yake raba su da roba ko fenti.

Bayan ambaliyar 3 ga Yunin 2015, ba mai raina ruwan Accra. Masu unguwanni da 'yan majalisar gunduma, ku kira waɗannan bayin Allah su duba gadojin tun kafin damina, ku kuma biya su haƙƙinsu cikakke.