Waƙoƙin Dashen Itatuwa: Ina Gawo, Ina Makiyayi?

Duk mai sauraron rediyo ya san irin waƙoƙin nan da akan rera da faɗuwar damina domin gangamin dashen itatuwa. Jigonsu ɗaya ne, watau gargaɗi a kan gurgusowar hamada, kuma ba mai musun kyawon nufinsu. Wannan ɗan sharhi zai duba giɓi biyu da ke cikin warwarar jigon, idan aka auna shi da halin da ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo take ciki.

Giɓi na farko shi ne itacen da ake wasawa. Yawancin waƙoƙin dogon yaro da turare suke yabo, alhali kuwa duka biyu baƙi ne, ɗaya daga Indiya, ɗaya daga Ostareliya. Waɗanda ke ƙarewa a dazuzzukanmu su ne kirya, wadda maƙera da masassaƙa ke rububi, da maɗaci, da ɗorawa, da gawo, da maɗobiya, wadda tun 2017 aka taƙaita cinikinta tsakanin ƙasashe. Wannan asara ta shafe mu, mu ɗaliban harshe. A 1916 Dalziel, wani likita da ya yi aiki a Arewa, ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa. Itacen da ya ɓace daga daji, sunansa sai a irin wannan littafi, kirarinsa da karin maganarsa kuwa su bi shi.

Giɓi na biyu ya fi girma. Mawaƙan nan da manomi kaɗai suke magana. Makiyayi in ya shigo baiti, to, a matsayin mai ɓarna ne, mai sassabe reshe. Da sun tsaya sun kalli gawo, da ya gyara musu hoton. Da damina yakan kakkaɓe ganyensa, gero ya sami rana da taki. Da rani ya yi ganye da 'ya'ya, shanu su ci, su kwanta a inuwarsa, su bar wa gona kashinsu. Itace ɗaya, masu shi biyu. Ga siffantawa a ɓagas, amma an bar ta a ƙasa.

Tarihin wurin ma bai goyi bayan mawaƙan ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a ribaɗinsa na Wurno a 1837, ya ƙarfafa wa Fulani makiyaya su zauna kusa da manoma. Bayan gina madatsar Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa ya yaɗu a fadamun da dabbobi kan ci rani, burtali ya ƙuntata. Sa'an nan ga ta'asar 'yan bindiga, irin ta Tabanni a ƙasar Rabah a 2018, da ta kasuwar Goronyo a 2021, wadda ta ƙara shuka zargi tsakanin maƙwabta. Inda amana ta kau, kowa saran abin da ya samu yake yi. Waƙar da ke nuna wa ɓangare ɗaya yatsa, tsagar bango take faɗaɗa wa ƙadangare.

Mai karatu zai ce, haɗin kan zai yiwu? Mu leƙa Maraɗi, maƙwabciyarmu. Tun daga 1983 manoma can suka fara barin tohon kututturen itatuwan gargajiya a gonakinsu, suna rage shi, suna renonsa, har aikin ya mamaye kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. A ƙauyen Ɗan Saga, kwamitin tsaron itatuwan ya ƙunshi manoma da mata da Fulani makiyaya, domin an gane hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka muna kira ga marubuta waƙoƙinmu: ku ba makiyayi baiti ya yi magana da bakinsa, ku ambaci kirya da gawo da sunansu. Waƙar da Bahaushen Wurno da Bafulatanin Rabah za su amsa tare, ita ce za ta tsare kututture.