4.3 Sharhi a Kan Baje Kolin Wembley na 1924 da Matsayin Ƙasar Gobir a Cikinsa

A wannan sashe za a dubi yadda aka nuna Arewacin Nijeriya a babban baje kolin Daular Biritaniya, sannan a auna wannan hoto da tarihin Alkalawa. Sarkin Ingila George na Biyar ne ya buɗe baje kolin a unguwar Wembley ta birnin Landan ranar 23 ga Afrilu, 1924, aka kuma sake buɗe shi a 1925. Kimanin mutum miliyan 27 ne suka ziyarce shi a cikin shekarun biyu. Manufarsa ita ce a nuna wa duniya arzikin ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila da irin ci gaban da Turawa suka ce sun kawo musu.

An keɓe wa Afirka ta Yamma fili guda, aka kewaye shi da ganuwa mai kama da ta biranen Hausa. A ciki aka baje gyaɗa da auduga da manja da kuza da fatu, aka kuma zaunar da masu sana'o'in hannu suna aiki 'yan kallo na wucewa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko yana cikin waɗanda suka ziyarci wurin a 1924.

Babu shakka baje kolin ya yi rana ta wata fuska. Turawan da ba su taɓa jin labarin ƙasar Hausa ba sun ga cewa akwai birane da gine-gine da sana'o'i tun kafin zuwansu. Haka kuma, wulaƙancin da wasu jaridun Ingila suka yi wa 'yan Afirkan da ke wurin ya harzuƙa ɗalibai baƙar fata da ke Landan, ciki har da Ladipo Solanke. Wannan fushi yana cikin dalilan kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma a 1925, wadda ta taka rawa a gwagwarmayar neman 'yanci.

Sai dai idan aka yi la'akari da ƙasar Gobir, za a ga rauni iri uku. Na farko shi ne ma'aunin ci gaban. Abin da aka kira ci gaba shi ne abin da jirgin ƙasa zai kwasa zuwa bakin teku. Fatar jar akuya, wadda ake kiwonta daga Sakkwato har zuwa Maraɗi, ta yi suna a kasuwannin Turai, amma makiyayi da majemi ba su shiga lissafi ba. Ke nan an yabi kaya, an manta da mai kaya.

Na biyu, ganuwar Wembley ganuwa ce marar tarihi. An gina ta don ado, alhali a ƙasar Hausa ganuwa shaida ce ta mulki da yaƙi. Alkalawa misali ce. Sarkin Gobir Babari ya kafa ta a bakin gulbin Rima a ƙarni na 18, Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki a cikinta, sannan ta faɗi a hannun masu jihadi a 1808, inda Sarki Yunfa ya rasa ransa. Bayan haka Gobirawa suka watsu, daga baya suka kafa Tsibiri da Sabon Birni. Ɗan kallon da ya ga ganuwar Wembley zai ɗauka ƙasar Hausa a tsaye take cik sai da Bature ya zo ya motsa ta, wanda kuwa ba haka abin yake ba.

Na uku, baje kolin ya bi iyakar da Turawa suka shata. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1904 da 1906 sun raba Gobir biyu: Sabon Birni da Isa a hannun Ingila, Tsibiri a hannun Faransa. Don haka rabin Gobir ya shiga ƙarƙashin sunan Nijeriya a Landan, ɗaya rabin kuma ƙarƙashin Afirka ta Yamma ta Faransa a baje kolin birnin Faris na 1931. Babu inda Gobir ta fito da sunanta.

Dangane da abin da baje kolin ya bari, wannan nazari yana ganin salon nunin bai tafi tare da Turawa ba. A hawan daba na Kaduna na 1956 da na 1959 da na bikin FESTAC a 1977, manyan masarautu da dawakinsu ne suka tsaya a madadin Arewa. Garuruwan kan iyaka kuwa suna gefe.

Daga bayanan da suka gabata, ana iya cewa Turawa sun kashe kuɗi sun gina ganuwar kwaikwayo a Landan, yayin da ta gaskiya take kufai a Alkalawa. Matsalar tsaro da ta addabi Sabon Birni da Isa, musamman a 2021, ta ƙara wahalar da masu bincike. Ya kamata hukumomin adana kayan tarihi da jami'o'i su hanzarta auna kufan da tattara tarihin baka daga dattawan ɓangarorin biyu na iyaka, tun kafin zaizayar ƙasa da mutuwa su riga su.