Kimiyya da Fasaha: Manhajojin ɗora Windows daga filash, aiki nagari amma da wuyar sha'ani

A yau daga birnin Doha na ƙasar Qatar za mu duba manhajojin da ake mayar da filash wata na'urar tayar da kwamfuta da su, domin ɗora mata Windows ko Linux.

A ranar 14 ga watan Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba ba wa Windows 10, lamarin da ya tilasta wa miliyoyin mutane neman canji. Tun da yawancin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da gurbin faifan DVD yanzu, filash ce ta zama mafita. Akasarin mazauna Qatar baƙi ne ma'aikata, ciki har da 'yan Najeriya da Nijar da Ghana, kuma a cikin kwamfutar mutum ko filash ɗinsa ne za ka tarar da kofen fasfo da takardar kwantiragi da hotunan iyali. Kuskure ɗaya a wajen wannan aiki ya isa ya shafe su baki ɗaya.

Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Agustan 2012 wata cutar kwamfuta ta afka wa kamfanin iskar gas na RasGas a nan Qatar, jim kaɗan bayan cutar Shamoon ta lalata kwamfutoci kimanin dubu 30 na kamfanin Aramco na Saudiyya ta hanyar shafe ɓangaren da ke tayar da su. Haka kuma a watan Yulin 2024, lokacin da kuskuren kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci miliyan 8 da rabi a duniya, ɗaya daga cikin hanyoyin gyaran da Microsoft ya fitar shi ne na tayar da su daga filash.

To shin manhajojin sun dace da talaka mai kwamfuta ɗaya tilo? Mu fara da Rufus, wadda Pete Batard ya fitar a shekarar 2011. Kyauta ce, tana da sauri, kuma girmanta bai kai megabait biyu ba. Amma da zarar ka buɗe ta sai ka ci karo da zaɓi tsakanin MBR da GPT, da tsakanin BIOS da UEFI, da kuma tsakanin FAT32 da NTFS. Akwai dalili: tsofaffin kwamfutoci suna tashi ne ta hanyar BIOS, sababbi ta UEFI, sannan tsarin FAT32 ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, alhali babban fayil ɗin Windows yakan zarce haka. Sai dai wanda bai karanci fannin ba, ina zai san wannan? In ya zaɓi wanda bai dace ba, manhajar za ta ce an kammala lafiya, sai ya soka filash a kwamfutar ta ƙi tashi. Kamata ya yi a tambaye shi abin da ya sani, misali shekarun kwamfutar da za a ɗora wa, sauran kuma manhajar ta yanke da kanta.

Etcher, wadda ta fito a 2016, ta fi kowa fahimtar wannan matsala. Matakai uku ne kacal: zaɓi fayil, zaɓi filash, danna. Tana ɓoye babban faifan kwamfutar don kada a goge shi bisa kuskure, tana kuma sake duba abin da ta rubuta. Aibinta shi ne girmanta ya haura megabait ɗari, kuma ba ta iya shirya filash ɗin Windows yadda ya kamata. A Doha inda intanet ke da ƙarfi girman ba abin damuwa ba ne, amma mai gyara a titin Beirut na Kano da ke sayen data da kuɗinsa zai ji a jikinsa.

Ita kuwa manhajar da Microsoft ya tanada tana da sauƙi, tana neman filash mai gigabait 8, amma a kan Windows kawai take aiki. Ke nan wanda tasa ta mutu sai ya je aro. Ventoy ta shekarar 2020 ta zo da dabara mai kyau, domin sau ɗaya ake shirya filash, daga nan sai a riƙa zuba mata fayiloli da dama kamar yadda ake kwafar hotuna.

Babban gibin da suka yi tarayya a kai shi ne gargaɗi da harshe. Dukansu sukan ce za a shafe komai, amma da za su nuna sunayen fayilolin da ke ciki, mutum ya ga fasfonsa da idonsa, da ya dakata. Sannan an fassara Rufus zuwa harsuna fiye da 30, har da Larabci, amma babu Hausa, duk da cewa Windows 10 kanta ta samu fassarar Hausa. Da yake masu aikin sa kai ne ke yin waɗannan fassarori, ƙalubalen yana kan ɗalibanmu na fannin kwamfuta, na Kano da Zariya da kuma masu karatu a nan Doha.

Kafin a kai ga haka, shawara ita ce: a kwashe muhimman takardu zuwa wani wuri, a cire duk wani faifan da ke jone, a duba girman filash sau biyu kafin a danna. Hausawa dai sun ce rigakafi ya fi magani.