4.3 Azumin Kwana Arba'in a Wurin Ma'aikatan Sharaɗa, Chalawa da Bompai

A wannan sashe za a dubi yadda tsarin azumin da Kiristoci ke yi kafin bikin Ista ya dace, ko ya kasa dacewa, da rayuwar ma'aikatan masana'antun Kano. Ya kamata a lura tun farko cewa unguwannin uku ba a ƙaramar hukuma ɗaya suke ba. Chalawa da Panshekara ne ke cikin Kumbotso, Sharaɗa na maƙwabtaka da su ta ɓangaren birni, Bompai kuwa tana can cikin Nasarawa. An haɗa su ne saboda ma'aikatansu iri ɗaya ne: Ibo da Tibi da Idoma da mutanen Kudancin Kaduna da na Filato, da kuma Hausawa Kiristoci waɗanda asalinsu Maguzawa ne daga ƙauyukan Kano da Katsina. Za a fi mayar da hankali a kan ɗariƙar Katolika, domin ita ce ke da rubutacciyar doka a kan wannan azumi, ko da yake Angilikan ma suna kiyaye shi.

Azumin yana farawa ne ranar Larabar Toka, kwana 46 kafin Ista. Idan aka cire ranakun Lahadi shida da ba a azumi a cikinsu, sai a sami kwana 40, wato adadin kwanakin da Linjila ta ce Yesu ya yi yana azumi a jeji. Tun a taron Nikiya na shekarar 325 aka ambaci waɗannan kwanaki arba'in. Larabar Toka ba ta faɗuwa kafin 4 ga Fabrairu, ba ta kuma wuce 10 ga Maris. Ista kuwa tana tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu.

Matsala ta farko daga suna ta taso. Kalmar da Turawan Ingila ke kiran lokacin da ita, wato Lent, ta samo asali ne daga tsohuwar kalmarsu ta lokacin da sanyi ke janyewa, yini ya fara tsawo, itatuwa su fara toho. Saboda haka wa'azi da waƙoƙin da aka gada daga Turai cike suke da hoton ƙasa tana farfaɗowa, ana kwatanta ta da zuciyar mai tuba. Masu fassara kan ce wannan lokaci shi ne bazara, alhali bazarar Kano wani abu ne daban. Azumin kan kama ne a ƙarshen hunturu da hazo, ya ƙare a tsakiyar zafi, lokacin da ma'aunin zafi kan kai digiri 40, rijiyoyi su ja baya, ciyawa ta ƙone. Ma'aikacin da ke tsaye gaban injin narka roba a Sharaɗa a watan Afrilu ba ya ganin toho ko ɗaya. Abin mamaki shi ne, asalin hoton da ke cikin Linjila, wato jeji da yunwa da ƙishirwa, ya fi kusa da Kano nesa ba kusa ba a kan hoton da Turai ta lulluɓa masa. Mai wa'azin da ya tsallake jejin ya kama toho ya bar abin da ke hannunsa ke nan ya tafi aro.

Ita kanta kalmar "azumi" da nata nauyin ta zo. Daga Larabci Hausa ta aro ta, ta hanyar Musulunci, kuma masu fassara Littafi Mai Tsarki, tun daga cikakkiyar fassarar 1932 wadda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi wa aiki, ba su da wata kalmar da ta fi ta. Sai dai a kunnen duk wanda ya tashi a Kano, azumi na nufin kame baki daga ci da sha tun ketowar alfijir har faɗuwar rana, kwana 29 ko 30 a jere. Dokar Katolika ba haka ta ce ba. Bisa ga takardar da Paparoma Bulus na Shida ya fitar a 1966, da kundin dokokin ikkilisiya na 1983, ranaku biyu kacal ne azumi ya wajaba, Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Almasihu. Ko a ranakun ma an yarda mutum ya ci cikakken abinci sau ɗaya, ya ɗan taɓa wani abu safe da yamma, kuma ba a hana shan ruwa ba. Wajibcin ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Sauran ranakun Juma'a na lokacin, nama kawai aka hana, ga wanda ya cika shekara 14.

Wannan bambanci ba ƙarami ba ne ga mutumin da ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Musulmi. A 2024 Ramadan ya kama ranar 11 ga Maris, ana tsakiyar azumin Kirista. A 2025 Ramadan ya fara 1 ga Maris, Larabar Toka ta biyo baya ranar 5 ga wata. An taɓa ganin irin wannan haɗuwa a 1993. A irin waɗannan shekaru, Kiristan da ya ce yana azumi sannan aka gan shi yana shan ruwa da tsakar rana, dole ya yi bayani, kuma kalmar da zai yi bayanin da ita ba ta goyon bayansa. Ga kuma matsi daga cikin gida: coci-cocin Fentikos, waɗanda suka fi ɗora azuminsu a farkon shekara, sukan kai yamma ba a ci ba. Ba abin mamaki ba ne idan ɗan Katolika ya ga nasa azumin kamar wasa ne, ya ɗora wa kansa kame baki na yini guda wanda dokarsa ba ta nema ba, a cikin zafin da ke iya kayar da mai aikin ƙarfi. Ba wai tsananin azumi baƙon abu ne a Kiristanci ba. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suna yin kwana 55, ba nama ba madara ba ƙwai. Amma su al'ummarsu gaba ɗaya ce ke tafiya a kan wannan tsari, daga kasuwa har murhu, ba mutum ɗaya a ɗakin inji ba.

Dokar hana nama ita ce ta fi nuna cewa an yanka rigar ne a jikin wani. Ta yi ma'ana a ƙasar da nama ke kan tebur kullum, kifi kuma abincin talaka ne na bakin teku. A Panshekara, leburan da ake biya a kullum ko a mako bai cika ganin nama a miyarsa ba ko da ba azumi, tun ma ba bayan da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da matsalar wutar lantarki suka rufe masana'antu da yawa, aiki ya koma na wucin gadi ba. Mai hali kuwa yana iya barin naman sa ya sayi babban kifi wanda ya fi naman tsada, ya kuma cika doka ba tare da ya ji komai a jikinsa ba. Ashe ke nan dokar ba ta taɓa talaka ba domin ba shi da abin bari, ba ta kuma taɓa mai kuɗi ba domin yana da abin canji. Har ma akwai tambayar da ba za ta taso a Roma ba amma ta dace da Chalawa, inda majemu suka yi yawa: shin ganda nama ce ko fata?

Ba za a ce laifin na dokar ne kaɗai ba, domin ita kanta ta bar ƙofa a buɗe. Kundin ibada na taron Batikan na Biyu, na 1963, ya nemi tubar wannan lokaci ta kasance ta fili kuma ta jama'a, ba ta zuci kawai ba, a kuma daidaita ta da halin kowane yanki. Doka ta 1253 ta kundin 1983 ta ba taron bishof-bishof na kowace ƙasa ikon musanya azumi da ƙauracewa nama da wasu ayyuka, musamman na jinƙai. Abin da ya rage shi ne yadda fada da katekis za su sauko da wannan sassauci zuwa kan bencin coci. Kuma kayan aikin na nan a hannunsu. Karatun farko na Juma'ar da ke bin Larabar Toka daga Ishaya sura 58 yake, inda annabin ya tsawata wa masu azumi suna matsa wa ma'aikatansu, ya ce azumin da Allah ke so shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci. Da wuya a sami nassin da ya fi wannan dacewa da cocin da manaja da ɗan kwangilar ɗaukar lebura da leburan kansa ke zaune a ƙarƙashin rufi ɗaya. Sai dai ranar aiki ce ake karanta shi, a lokacin da mafi yawan waɗanda ya shafa ke bakin inji.

Nan ne maganar lokaci ta shigo. Juma'ar gicciye da Litinin ɗin Ista ranakun hutu ne na ƙasa, amma Larabar Toka ba hutu ba ce, haka sauran Juma'o'in da ake bin Hanyar Gicciye mai tashoshi 14. Tsoffin majami'u kuma, irin su babban cocin Uwargidanmu ta Fatima, da Sen Luwis da Sen Joj na Angilikan a Bompai, suna ɓangaren Sabon Gari da Nasarawa ne, inda Turawa da baƙi suka fara zama. Mai aiki a Bompai yana kusa da su. Wanda ke Chalawa, a kudu maso yammacin gari, idan can yake ibada sai ya ratsa Kano sukutum, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ko ya rasa kuɗin yini. Kano ba ta zama cikakkiyar dayosis ta Katolika ba sai a 1999, ƙarƙashin Bishof Patrick Sheehan, wanda Bishof John Namaza Niyiring ya gada a 2008, don haka faɗaɗa hidima zuwa sababbin unguwannin ma'aikata aiki ne da ya zo a baya. Jadawalin da ya ɗauka cewa kowa na tashi aiki da la'asar bai san mai aikin dare ba. Alhali kuwa garin da kansa ya ba da dama, tunda harkoki kan lafa da tsakar ranar Juma'a saboda masallaci.

Tokar da ake shafawa a goshi ita ma tana da wani matsayi a Kano wanda ba ta da shi a Onica ko Makurɗi. Ana samun ta ne daga ƙona ganyen da aka yi bikin Lahadin Dabino da shi a shekarar da ta gabata, a zana gicciye da ita a goshin kowa, ana tuna masa cewa daga ƙasa yake kuma can zai koma. Linjilar da ake karantawa a ranar, daga Matiyu sura 6, cewa ta yi mai azumi ya wanke fuskarsa kada mutane su gane. Masana sun daɗe da lura da wannan karo tsakanin nassi da al'ada, amma a nan ba muhawarar aji ba ce. Kano ta ga rikicin Oktoba 1991 a kan zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke, ta kuma ga na Mayu 2004 wanda ya biyo bayan kashe-kashen Yelwan Shendam, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 200, kuma Sharaɗa da Chalawa da Panshekara na cikin wuraren da abin ya shafa. Matar da ta karɓi toka da asuba za ta shiga a-daidaita-sahu zuwa Sharaɗa tana da shawarar da za ta yanke a bakin ƙofar coci: ta bar alamar ko ta goge. Babu dokar ikkilisiya da ta wajabta karɓar tokar, balle yawo da ita yini guda, kuma halartar ibadar ranar ma ba farilla ba ce. Ya kamata a riƙa faɗin wannan a fili daga kan bagade a ranar, da Hausa da Ibo da Ingilishi, domin wadda ta goge kada ta tafi da tunanin ta yi musun bangaskiyarta, wadda ta bari kuma ta san zaɓinta ne.