Hannun Magatakarda a Littattafan Annabawan Ibraniyawa

Annabawan Isra'ila da Yahuza masu magana ne kafin su zama masu littafi. A ƙofar gari, a fadar sarki, a farfajiyar Haikali suke faɗin saƙonsu. Littattafan da ke ɗauke da sunayensu a yau, a ganina, aikin hannu biyu ne: bakin annabi da alƙalamin magatakarda. Kuma littattafan ba su ɓoye haka ba.

Sura ta 36 ta littafin Irmiya ta nuna aikin ƙuru-ƙuru. A shekara ta huɗu ta sarautar Yehoyakim, wajen 605 kafin haihuwar Annabi Isa, Irmiya ya kira Baruk ɗan Neriya, yana faɗa, Baruk yana rubutawa da tawada a naɗaɗɗen littafi. Baruk ne ya karanta shi ga jama'a a Haikali, sannan ga fadawa. Da littafin ya isa gaban sarki, lokacin hunturu ne, yana jin ɗumi da kaskon wuta a gabansa. Duk sa'ad da aka karanta shafi uku ko huɗu, sai ya sa wuƙar magatakarda ya yanke, ya jefa a wuta, har littafin ya ƙare. Irmiya ya sake yi wa Baruk shifta, kuma surar ta ƙare da bayanin cewa an ƙara wasu maganganu masu yawa irin na farko. Ke nan tun annabin yana raye, kwafi na biyu ya fi na farko tsawo. Ba a nan ƙarin ya tsaya ba. Fassarar Girkanci da ake kira Saftuwajinta ta gaza matanin Ibrananci na Irmiya da kusan kashi ɗaya cikin takwas, kuma annabce-annabcen da suka shafi al'ummai, waɗanda ke surori 46 zuwa 51 a Ibrananci, suna tsakiyar littafin a Girkanci. An daɗe ana zaton mai fassara ne ya yi gajarce-gajarce, sai da aka tono rubuce-rubucen kogunan Kumran, kusa da Tekun Gishiri, daga 1947, aka sami guntayen Irmiya da Ibrananci masu bin gajeren matanin. Ashe kwafi iri biyu ne suka yi zamani tare, duk ana karanta su.

Littafin Ishaya ya fi haka nisa. Ishaya mutumin ƙarni na 8 ne kafin haihuwar Annabi Isa, zamanin da Assuriya ke barazana. Amma daga sura ta 40 masu sauraro suna zaman bauta a Babila, har an ambaci sunan Sarki Sairus, wanda ya ci Babila a 539 kafin haihuwar Annabi Isa. Malamin Yahudawa Ibn Ezra ya yi shaguɓen cewa wani ne daban ya rubuta wannan sashe tun ƙarni na 12 miladiyya, masani Bernhard Duhm kuma ya kasa littafin gida uku a 1892.

Mai ja zai ce annabi na iya hango abin da bai zo ba, don haka sunan Sairus ba hujja ba ne. Wannan batu ne na imani, kuma nazarin matani ba zai yanke shi ba. Sai dai hujjar ba a kan sunan kaɗai ta dogara ba: surorin suna magana da mutanen da Urushalima ta riga ta rushe a idonsu, suna lallashinsu, ba gargaɗin abin da ke tafe suke yi ba. Ko Talmud na malaman Yahudawa ma ya danganta rubuta littafin Ishaya ga Sarki Hezekiya da mutanensa. Suka ta biyu ta fi nauyi: idan wasu sun ƙara, ba jabu ba ne ke nan? Ban yarda ba, domin mai jabu ɓoye sawunsa yake yi, su kuwa sun bar nasu a fili. A ƙarshen sura ta 51 ta littafin Irmiya sun rubuta cewa maganar Irmiya ta ƙare nan, sannan suka liƙa sura ta 52 da aka ɗauko kusan kalma da kalma daga ƙarshen littafin Sarakuna na biyu, don mai karatu ya ga cikar gargaɗin. Aikinsu ya ɗan yi kama da tahamisin Ibn Muhib a kan Ishiriniyar Alfazazi, inda na baya ya gina a kan na gaba saboda girmamawa, sai dai su ba su sa sunayensu ba, kuma wannan ne ya wahalar da masu nazari.

Gaskiya ne ana wuce gona da iri. Wasu masana sukan tsaga aya ɗaya su raba wa marubuta uku ba tare da wani kwafi da ya goyi bayansu ba, kuma wannan hasashe ne kawai. Inda akwai shaidar rubutu, kamar Irmiya, maganar tana da ƙarfi. Inda salo ne kaɗai madogara, a yi taka-tsantsan. Babban naɗaɗɗen littafin Ishaya na Kumran, wanda aka rubuta wajen 125 kafin haihuwar Annabi Isa, ya riga ya ƙunshi abin da muka sani a surori 66 na littafin, a jere, ƙarƙashin suna ɗaya.