Jarumi Ɗaya Da Adda Ɗaya: Ra'ayina Game Da Fina-finan Kudancin Indiya

Duk wanda ya lura da abin da samarinmu suke kallo a wayoyinsu a wannan zamani, tun daga cikin garin Bagwai har Kiyawa da Gadanya da ƙauyukan da ke gefen madatsar ruwa ta Watari, lalle ya fahimci cewa Indiyar da iyayenmu suka sani a silimomin birnin Kano, wato ta Bombay, ta su Dharmendra da Amitabh Bachchan, ta ja da baya, wata Indiyar daban ta gaje gurbinta. Wannan ta biyu kuwa ita ce ta Kudu, inda ake shirya fim da harsuna huɗu waɗanda ba Hindi ba: Telugu a Haidarabad, da Tamil a Chennai, da Kannada a Bengaluru, da Malayalam a jihar Kerala. Dalilin shigarta karkara ba ɓoyayye ba ne. Tun da masu fassara a Kano, waɗanda Algaita ya fi shahara a cikinsu, suka soma cire muryar Ba'indiye suna sa ta Bahaushe, sai shingen harshe ya faɗi, mai turi kuma ya kafa kwamfutarsa a rumfar cajin waya, yana zuba wa mutum fim biyar ko shida a memori da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Bayan sallar isha'i, a bencin mai shayi, za ka ga samari biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya mai tsagaggen gilashi, shayinsu ya huce ba su sani ba, ɗaya yana riƙe da wayar da hannu biyu don kada wani ya fisge.

Tun da yake abin ya zama ruwan dare, zagi kawai ba zai wadatar ba, yabo kawai kuma ha'inci ne. Abin da ya wajaba shi ne a ɗora shi a kan mizani da insafi.

Babbar falalar waɗannan fina-finai a wurina, wadda nake jin ita ce ta sa suka kama zuciyar mutumin ƙauye fiye da yadda na Bombay na baya-bayan nan suka yi, ita ce sun san gona, sun san ruwa, sun san bashi. A cikin Kaththi, wanda Vijay ya fito a ciki a 2014, tsofaffin manoma ne wani kamfani yake neman ƙwace musu ƙasa saboda ruwan da ke ƙarƙashinta, da suka ga birni ya toshe kunnensa sai suka shiga cikin manyan bututan da ke kai wa Chennai ruwan sha suka zauna, don mutanen birni su ɗanɗana abin da su suka daɗe suna sha. A cikin Asuran na 2019, Dhanush ya fito a matsayin talaka mai 'yar gonar da wani attajiri ya ƙwallafa wa rai. A wannan shekarar kuma Mahesh Babu, a cikin Maharshi, ya baro dukiyarsa a Amurka ya zo yana koyon riƙon garma a hannun wani dattijo. Manomin rani da gonarsa take can ƙarshen kanal, wanda ruwa ba ya isa gare shi sai waɗanda ke sama sun ƙoshi, ko wanda ya kai tumatirinsa bakin titi dillali ya yi masa tayin wulakanci saboda ya san kayan ba za su kwana ba, ba ya bukatar wani malami ya yi masa sharhin waɗannan labarai. Yana gani ya san nasa ne.

Falala ta biyu ita ce kyautata aiki. Baahubali na darakta Rajamouli, wanda kashinsa na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017, an ɗauki shekaru ana gina shi, kuma ko a kan ƙaramar waya mutum yana ganin inda dukiya da haƙuri suka tafi. RRR na 2022 har lambar Oscar ya ci a 2023 saboda waƙarsa. Ina ma 'yan fim ɗinmu na Kano, da suka tashi aro daga Indiya, wannan himmar suka aro, da wannan alfahari da tarihin kai, maimakon rawa a gindin furanni. Ai da yanzu muna kallon labarin Sarki Muhammadu Rumfa ko na yaƙe-yaƙen Kano da Katsina da harshenmu. Amma wannan wata mas'ala ce daban.

To, inda na saɓa da waɗannan fina-finai, saɓani kuwa mai zurfi, shi ne a wajen magani. Sun iya siffanta zalunci har mai kallo ya ji jininsa yana tafasa, amma idan aka zo kawar da shi, sai a ce babu wata hanya illa wani ƙato guda ɗaya, mai gemu da taba a baki, ya sauko daga babur a hankali, iska tana kaɗa masa gashi, ya sassare mutum ɗari da adda ba tare da numfashinsa ya sauya ba. Dubi KGF, na Yash, wanda ya fito a 2018 da 2022: dubban leburori ne ake bautarwa a ramin zinariya, masu ƙarfi, masu yawan da idan suka haɗa baki babu mai iya tare su, amma aikinsu a cikin labarin bai wuce su sunkuyar da kai su jira mai ceto ba, in ya zo su yi masa kirari. Shi kuwa mai ceton, alkawarin da ya ɗaukar wa mahaifiyarsa shi ne ba zai mutu ba sai da dukiya, kuma da ya kashe azzalumin sai ya hau kujerarsa. Pushpa na Allu Arjun, na 2021 da na 2024, ya ma fi wannan fitowa fili, domin jaruminsa ɗan fasa-ƙwaurin jan itace mai daraja ne daga dajin gwamnati, ba ya nadama, ba ya tuba, kuma duk abin da ake so mai kallo ya yi shi ne ya yi murna duk lokacin da ya kunyata ɗan sanda.

Malamanmu na fiƙihu, Allah ya saka musu da alheri, sun daɗe da tabbatar da cewa ƙisasi haƙƙi ne, amma zartar da shi yana hannun hukuma, ba hannun wanda aka zalunta ba, kuma ba a gusar da ɓarna da ɓarnar da ta fi ta. Hikimar wannan kuwa ita ce, idan aka bar kowa ya zama alƙalin kansa, mai ƙarfi ne zai ci riba, alhali shi ne tun farko ake kuka da shi. Mu nan da rigimar iyakar gona, ko ɓarnar da shanu suka yi, ake kai ta gaban mai unguwa, ta wuce wurin dagaci, ta kai ga hakimi ko alƙali, ana zama ana tashi har a sami sulhu, mun san wannan hanya tana da jinkiri, wani lokaci ma tana da son zuciya. Amma yaron da ya shekara biyar yana kallon labarin da a cikinsa kowane alƙali sayayye ne, kowane mai haƙuri kuma matsoraci ne, da wace fuska zai dubi dattijon da ya ce masa ya mayar da wuƙarsa kube? Ba na cewa fim ne ya haifi daba, domin daba ta girme shi a ƙasar Kano. Abin da nake cewa shi ne yana yi mata ado, yana sanya mata kiɗa.

Wannan ɗaukaka mutum guda har ta wuce haddi ba ta tsaya a kan allo ba, ko a can ƙasarsu. M. G. Ramachandran daga fim ya zama babban ministan jihar Tamil Nadu a 1977, N. T. Rama Rao shi ma daga fim ya zama na Andhra Pradesh a 1983, Vijay kuma ya kafa jam'iyyarsa a 2024. A ranar 4 ga Disamba, 2024, a wata silima a Haidarabad, wata mata ta rasa ranta a turmutsitsin masu son ganin Allu Arjun a daren fara nuna Pushpa na biyu.

Sauran aibobin ba sai na tsawaita ba. Mace a yawancinsu ado ce, jarumi ya yi ta bibiyarta tana ƙi har ta gaji ta amince, a kira wannan soyayya. Tarihi kuma ana wasa da shi yadda aka ga dama: Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, waɗanda RRR ya mayar aminan juna, mutane ne na haƙiƙa, amma tarihi bai nuna sun taɓa haɗuwa ba. Masu fassararmu ma, duk da gwanintarsu wadda ba na musunta, suna da nasu kason, domin sau da yawa daidai inda ake fille kan mutum nan suke sako barkwanci, sai ka ji yara sun tuntsire da dariya a kan abin da ya kamata ya sa su kau da kai.

Kada wani ya ce mini ai kasuwa ce ta tilasta haka, domin Jai Bhim na 2021 ya rushe wannan hujja. Suriya, wanda shi ma ya saba dukan mutum ashirin a wasu fina-finan, ya fito a nan a matsayin lauya Chandru, mutumin da daga baya ya zama alƙalin babbar kotun Madras, yana bin haƙƙin wata matalauciya wadda mijinta ya mutu a hannun 'yan sanda, da takarda da shaida da naci, kuma mai kallo ba ya iya tashi har a gama.

Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ba ta da idon da zai leƙa kowane memori a kowace rumfa, saboda haka nauyin yana kan waɗanda abin ke bi ta hannunsu. Ina roƙon masu fassara su riƙa neman irin su Jai Bhim kamar yadda suke neman irin su KGF, su kuma faɗa a farkon fim idan bai dace da yara ba. Ku kuma masu turi na Bagwai da kewaye, idan yaron da bai balaga ba ya miƙo waya ya ce a sa masa mai faɗa, ku dubi shekarunsa kafin ku karɓi kuɗinsa.