Murɗa, murguɗa, gurɗe: shin "-ɗa" ce ke juya su?

Jera waɗannan kalmomin ka saurara: murɗa, murguɗa, gurɗe, targaɗe, bauɗe, naɗa, nannaɗe, kanannaɗe. Duk suna ƙarewa da "-ɗa" ko "-ɗe", kuma duk akwai juyi ko karkacewa a cikinsu. Abin da zai fara zuwa ran mai karatu shi ne Hausa na da wata ɗafa-ƙeya mai ma'anar juyawa. Ni ban yarda ba, duk da daɗin zancen a kunne.

Ɗafa-ƙeya mai rai ana iya manna ta a sabuwar kalma ta yi aiki. Daga ƙarya mun sami ƙaryata, daga tsoro mun sami tsorata. Gwada haka da "-ɗa": cire ta daga murɗa, "mur" kaɗai zai rage, ba shi da wata alaƙa da ma'anarta. Ga kuma haɗa, faɗa, yaɗa da buɗe, babu wadda ta juya ko da tsinke. In ma "-ɗa" ta taɓa zama ɗafi a tsohuwar Hausa, yau ta daskare a jikin saiwa.

Inda ma'ana ke motsi shi ne wasalin ƙarshe. F. W. Parsons, wanda ya raba aikatau na Hausa aji bakwai a 1960, ya sa masu ƙarewa da "-e" irin su murɗe a aji na huɗu, ajin aikin da ya kai maƙura. Mai tufkar igiyar kaba a Guri yana murɗa zaren ne daidai gwargwado, don igiyar ta riƙe kwale-kwale a bakin kogin Haɗeja. Ran da aka ce ya murɗe wuyan zakara, zakara ya tafi ke nan. An murɗa wa yaro kunne, horo ne. An murɗe masa hannu, sai a nemi mai ɗori.

Shi ya sa bakin talaka ya zaɓi "murɗe zaɓe", ya kuma haifo murɗiya. Kalmar ta fi maguɗi nuna ƙarfi: maguɗi a ɓoye ake yinsa, murɗiya kuwa da ƙwanji, kowa na kallo. Masu rubutu kan cakuɗa ta da sokewa, kuma kuskure ne. Zaɓen 12 ga Yuni 1993 soke shi gwamnatin Babangida ta yi. Wanda aka murɗe ana sanar da sakamakonsa, sai dai an juya masa fuska.

To, ina marubutan labaran da muke karantawa a waya? Daga duk wannan arziki, ɗaya suka riƙe: "ta murguɗa baki". Jaruma ta murguɗa wa miji, ta murguɗa wa kishiya, ta murguɗa wa direba, har mutum ya fara tausayin leɓɓanta. Murguɗa baki raini ne mai nauyi, wanda budurwa ba ta yi wa babba ta kwana lafiya. In ya zo kowane shafi, rainin ya tashi daga aiki, mai karatu ba zai ƙara jin zafinsa ba ran da labarin ke buƙatarsa.

Shi ma namijin ba a bar shi ba, kullum "murɗaɗɗe" ne, ana nufin damatsa. Alhali kalmar na da ɗaya fuskar, murɗaɗɗen hali, mutumin da ba a gane gabansa balle a tanƙwara shi. Wannan ne jarumin da zai iya riƙe littafi har ƙarshe, amma shi ne ba a cika rubuto mana ba.